Hoto bai nuna komai ba: shin gwajin ƙwayoyin gado zai wanke ni in ba mahaifina ƙoda?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina yana da shekara 55, an shekara guda ana yi masa wankin ƙoda. An ce ƙodojinsa biyu sun cika da jakunkunan ruwa, kuma ciwon na gado ne. Goggona, ƙanwarsa, ita ma an gano mata shi, kakanmu kuma da ciwon ƙoda ya rasu. Ni shekarata 26, ina so in ba shi ƙodata ɗaya. An yi mini hoton ciki ba a ga komai ba, amma likitocin dashe sun ce wannan bai isa ba, sai an yi gwajin ƙwayoyin gado. Mene ne gwajin nan, kuma zai iya wanke ni? Ina da yara biyu ƙanana, su ma a gwada su?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Ɗan'uwa, likitocin nan gaskiya suka faɗa maka, kuma da ni ne a wurinsu abin da zan ce ke nan. Gwajin zai iya wanke ka sarai, amma da sharaɗi guda, kuma a kansa mutane suka fi yin kuskure: jinin Baba za a fara gwadawa, ba naka ba. Kai ne za ka ba da ƙoda, kai ne hankalinka ya tashi, amma amsar tambayarka a jikin mara lafiya take.

Bari mu fara da ciwon. Yadda ka kwatanta shi, ya bi kaka, ya bi uba da goggo, ya kai ga wanki a wajen shekara 55, ya yi kama da wanda likitoci ke kira ADPKD, wanda ya fi kowane ciwon ƙoda na gado yawa a duniya, kusan mutum ɗaya cikin 1,000. Ƙodar lafiyayyen mutum tsawonta santimita 10 zuwa 12 ne. A wannan ciwon, ƴan jakunkunan ruwa ne ke fitowa daga bututun da ke tace fitsari, su yi ta girma shekara da shekaru suna danne naman kirki, har ƙoda ɗaya ta kai nauyin kilo biyu ko fiye. In ka ga hoton irin wannan ƙoda ba ka mantawa: baƙaƙen ramuka ne manya da ƙanana jingine da juna, da ƙyar ka ga inda naman ya rage.

Dalilinsa yana cikin rubutun da kowane tantani na jikinka ke ɗauke da shi, wato DNA. Haruffa huɗu ne kacal ake jujjuyawa, amma tsawon rubutun ya kai harafi biliyan 3, kuma a cikinsa akwai babi kusan 20,000, su ne ƙwayoyin gado. Kowane babi kana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ka san yadda sikila take: sai yaro ya ɗauko kwafi mai kuskure daga wajen uwa da uba duka kafin ciwon ya bayyana, mai AS yana zaune lafiya. To ADPKD ba haka take ba. Kwafi ɗaya mai kuskure ya isa. Lafiyar mahaifiyarka ba ta ba ka kariya, kuma kowane ɗa da Baba ya haifa, mace ko namiji, yana tsakanin ɗauka da rashin ɗauka rabi da rabi. Ba wai in ku shida ne dole uku su ɗauka ba. Kowace haihuwa lissafinta daban, ana iya samun gidan da duk suka ɗauka, da gidan da duk suka tsira. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma wannan gadon babu mai rububinsa.

To me ya sa hoton da aka yi maka bai isa ba? Saboda shekarunka. Jakunkunan nan ba dare ɗaya suke fitowa ba, kuma na'urar hoton ciki ta yau da kullum ba ta ganin ƙanana sosai. Akwai ma'aunin da aka fitar a 2009 da har yau ake aiki da shi ga wanda ciwon ke cikin danginsa: daga shekara 15 zuwa 39, ganin jaka uku gaba ɗaya ya tabbatar da ciwon, daga 40 zuwa 59 sai an ga aƙalla biyu a kowace ƙoda, daga 60 zuwa sama, huɗu a kowacce. Wannan wajen tabbatarwa ke nan. Wajen wankewa kuwa, wanda ya kai 40 aka ga ƙasa da jaka biyu, ya fita. Wanda bai kai 30 ba, rashin ganin komai bai fitar da shi ba. Da shekararka 45 ne da wannan hoton, da na ce ka kwantar da hankalinka. A 26, ana iya cire maka ƙoda ɗaya yau, bayan shekara goma a tarar wadda ta rage ta fara cika da ruwa, ita ma wadda aka dasa wa Baba haka. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Hoton MRI ya fi hoton ciki na yau da kullum gani, yana kama jakar da ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma cibiyoyin dashe da yawa suna haɗa shi da gwajin gado ga matashi irinka.

Yanzu ga dalilin farawa da Baba. Ƙwayoyin gado biyu ne ke jawo mafi yawan wannan ciwo. PKD1, da ke kan kuromosom na 16 (kuromosom su ne ƙunshe-ƙunshen da aka rarraba rubutun DNA a cikinsu), an gano ta a 1994, ita ke da alhakin kusan kashi 78 cikin 100. PKD2, a kan kuromosom na 4, an gano ta a 1996, tana da kusan kashi 15. Amma ba kuskure iri ɗaya ke cikin kowa ba. A sikila, kuskuren harafi ɗaya ne a wuri ɗaya a duk duniya, shi ya sa gwajinta ke da sauƙi. A PKD1 an rubuta kurakurai daban-daban fiye da dubu, kuma yawancin gidaje kowanne da nasa, wanda ba lallai a taɓa ganinsa a wani gida ba. In aka ɗebi jininka kai kaɗai aka karanta, aka ce ba a ga komai ba, fassara biyu ce: ko ba ka ɗauka ba, ko kuma kuskuren gidanku na cikin waɗanda gwajin ba ya kamawa. Babu mai iya bambance maka. Amma in aka karanta na Baba aka ce ga shi nan, babi kaza, harafi na kaza ya ɓace, aka duba na Goggo aka tarar da shi a wuri guda, to kai aikinka ya zama ƙarami: a buɗe wannan wurin kaɗai a duba. Akwai shi ko babu. In babu, ka fita daga wannan ciwon, ƴaƴanka ma sun fita, domin abin da ba ka da shi ba za ka ba su ba.

PKD1 kuma tana da wata rigima tata. A kan kuromosom ɗin da take, akwai wasu kwafi shida na bogi, ba sa aikin komai, amma sun yi kama da babban ɓangarenta har kusan kashi 98 cikin 100. Na'urorin karanta DNA na zamani gutsuttsura rubutun suke yi ƙanana-ƙanana, sannan kwamfuta ta mayar da kowane guntu mazauninsa. In guntun nan ya dace da wuri bakwai, ina za ta ajiye shi? Ta haka ake rasa kuskuren gaske, ko a ɗauko na bogi a liƙa wa mutum. Saboda haka ka tambaya kai tsaye: ɗakin gwajin da za a aika jinin ya ƙware a kan PKD1 kuwa? Gwajin da kamfanoni ke tallatawa a intanet, a tofa yawu a kwalba a faɗa maka asalin kakanninka, ba ya cikin wannan magana ko kaɗan. Wasu zaɓaɓɓun wurare yake leƙawa, ba ya karanta babin daga farko zuwa ƙarshe.

Ɗibar samfurin ba wani abu ba ce: ɗan jini a ƙaramar kwalba, ko yawu, ko a goga auduga a cikin kunci. Wankin ƙoda ba ya canza DNA, magungunan da Baba ke sha ma haka. Yawanci jerin ƙwayoyin gado da aka san suna jawo jakunkunan ƙoda ake karantawa tare, domin akwai wasu ƙanana irin su GANAB, DNAJB11, IFT140 da HNF1B da ke kwaikwayon ciwon. Sakamako kan ɗauki makonni.

Takardar da za ta dawo ita ce inda nake so ka natsu. Tun 2015 yawancin ɗakunan gwaji suna bin tsarin ƙungiyar masana gadon halitta ta Amurka, mai matakai biyar: canjin da aka tabbatar yana jawo ciwo, wanda ake kyautata zaton yana jawowa, wanda ba a tantance ba, wanda ake kyautata zaton ba ya cutarwa, da wanda ba ya cutarwa. Biyun farko ana aiki da su. Biyun ƙarshe ba a ma cika rubuto su ba. Na tsakiyan, da za ka ga an rubuta VUS, shi ne mai hana iyali barci. Na taɓa zama da wata uwa da ta zo da irin wannan takarda a ninke cikin jaka, ta riga ta ja layi da jan biro ƙarƙashin sunan ƙwayar gadon, ta shafe mako biyu tana kuka a kan ta sa wa ɗanta ciwo. Ma'anar kalmar kawai ita ce an ga harafi ya bambanta da na yawancin mutane, amma babu hujjar cewa shi ne mai laifi. Kowannenmu yana yawo da miliyoyin irin waɗannan bambance-bambance. Ba a yanke hukuncin dashe a kan VUS, ba a hana aure a kansa, ba a fara magani a kansa. Mu ƴan asalin Afirka kuma mun fi samun wannan amsa, saboda rumbunan bayanan da ake kwatantawa da su galibi na Turawa ne. Harafin da ya zama ruwan dare a wajenmu sai ya fito kamar baƙo. A nan ne jinin Goggo ke da daraja. In canjin yana jikin duk masu ciwon a gidan, babu shi a jikin dattawan da suka haura 60 da ƙoda lafiya, hujja ta ƙaru, wani lokaci har a ɗaga shi zuwa mataki na sama.

Akwai kuma yiwuwar a karanta na Baba a rasa komai. Yana faruwa a ƴan kashi kaɗan na gidaje, ƙasa da ɗaya cikin goma. Wannan bai ce ba shi da ciwon ba, ƙodarsa na nan tana ba da shaida. Abin da ya ce shi ne gwajin ba zai yi maka amfani ba, sai a koma kan MRI, ko a nemi mai bayarwa cikin waɗanda suka haura 40, ko wanda ba jinin Baba ba.

Sakamakon Baba yana da wani amfani ban da dashe. Masu PKD1, musamman in kuskuren ya datse furotin ɗin da ƙwayar gadon ke sa jiki ya ƙera gaba ɗaya, ƙodarsu kan gaza a tsakiyar shekarun hamsin. Masu PKD2 sukan kai saba'in da wani abu, wasu har su rasu da tsufa ba su taɓa ganin injin wanki ba. Bambancin kusan shekara ashirin ne, kuma yana shiga lissafin likita wajen zaɓen wanda za a ba magani da wuri.

Tun da ka tambayi mene ne gwajin, bari in ɗan faɗaɗa, domin jakunkunan ruwa su ne ma suka fi sauƙin ganewa. Inda gwajin ya fi canza aikinmu shi ne wajen marasa lafiyar da aka rubuta wa "hawan jini ne ya kashe ƙodar" ko "ba a san dalili ba". A 2019 masu bincike a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka suka karanta ƙwayoyin gadon masu ciwon ƙoda fiye da 3,300, suka sami dalilin gado a kusan ɗaya cikin goma, cututtuka 66 daban-daban. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka gano, ko ADPKD ce ko ciwon Alport. Shi Alport, wanda wani likita Cecil Alport ya bayyana a wani iyali a Ingila a 1927, matsala ce ta zaren da aka saƙa matatar ƙoda da shi, ƙwayoyin COL4A3, COL4A4 da COL4A5. Alamarsa ta farko jini ne a fitsari wanda ido ba ya gani, daga baya furotin, sau da yawa da raunin ji. Nau'insa da ke kan kuromosom X uba ba ya ba ɗansa namiji, amma yana ba duk ƴaƴansa mata. An daɗe ana cewa matan ɗauka kawai suke yi, alhali wasunsu ƙodarsu na gazawa in sun manyanta. Uwar da ta taso za ta ba ɗanta ƙoda dole a duba ta da kyau. Gano shi da wuri kuma yana da riba a fili, domin magungunan hawan jini irin su ramipril suna jinkirta gazawar ƙodar da shekaru in an fara kafin ta lalace.

Haka yaran da ke kumbura suna zubar da furotin, aka ba su maganin sitiroyid bai yi aiki ba: kusan kashi 30 cikin 100 nasu matsalar gado ce, irin ta ƙwayoyin NPHS1 da NPHS2, kuma ta fi yawa inda iyaye ƴan'uwan juna ne. Sanin haka yana ceton yaro daga shekarun shan magungunan danne garkuwar jiki da ba za su amfane shi ba, kuma yana gaya mana cewa in an yi masa dashe da wuya ciwon ya dawo. Ciwon Fabry, wani ciwon gado da shi ma ke taɓa ƙoda, yana da magani tun farkon shekarun 2000, amma mace mai shi gwajin jini na yau da kullum na iya nuna lafiyarta ƙalau, sai an karanta ƙwayar GLA. Akwai kuma ƙwayar gado MUC1, wadda kuskurenta ke ɓoye cikin wani layi mai maimaita kansa, gwajin gama-gari ba ya ganinsa sam sai an nemi na musamman. Shi ya sa in ƙoda ta kashe mutum uku a gida ɗaya aka kawo mini takarda mai cewa ba a ga komai ba, ba na rufe fayil.

Komawa kanka. Ko da ka fita daga ADPKD, mai yiwuwa likitocin dashe su ɗago maka maganar APOL1, in kai ɗan asalin Afirka ta Yamma ne. A 2010 aka gano cewa wasu nau'i biyu na wannan ƙwayar gado, G1 da G2, su ne ke bayyana babban ɓangare na yawan ciwon ƙoda a tsakanin baƙar fata. Sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, kamar yadda S ta sikila ta yaɗu saboda zazzaɓin cizon sauro. Kusan kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da kwafi biyu. Wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana aka buga a 2024, mai mutum fiye da 8,000, masu ciwon ƙoda da marasa shi, ya sami kwafi biyu a kusan kashi 30. Amma kada ka haɗa wannan da PKD1. APOL1 haɗari take ƙarawa, ba hukunci take yankewa ba. Mafi yawan masu kwafi biyu ba sa taɓa yin ciwon ƙoda, sai wani abu ya zo ya tunzura ta, kamar ƙanjamau. Ra'ayina shi ne matashi ɗan 26 da zai rayu shekara hamsin da ƙoda ɗaya ya cancanci a faɗa masa wannan, a ba shi zaɓin gwadawa, ko da cibiyoyi sun saɓa a kan ko kwafi biyu na hana bayarwa.

Kafin ka miƙa hannu a ɗebi jininka, ka zauna da tunanin ɗaya amsar. Rabi da rabi ne. In ta fito kana ɗauke da shi, ka shiga asibiti a matsayin mai taimako ka fito a matsayin mara lafiya, kuma ba a mayar da sani. Wasu ƙasashe suna da dokar kariya. Amurka ta yi tata a 2008, ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci saboda sakamakon gado, amma ba ta shafi inshorar rai ba. Ka tambayi yadda abin yake a inda kake, da kuma wa zai ga takardar. Sakamakon Baba kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, ya shafi duk ƴan'uwanka, ciki har da wanda bai so ya sani ba, kuma wannan haƙƙinsa ne. Duk da haka, sani a 26 ya fi sani a 50 nesa ba kusa ba. Hawan jini kan riga gazawar ƙoda da shekaru masu yawa, kuma riƙe shi da kyau tun da wuri, da rage gishiri, da guje wa magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna da tasiri. Akwai tolvaptan, da Japan ta amince da shi a 2014, Turai a 2015, Amurka a 2018, wanda ke rage saurin girman jakunkunan ga waɗanda ciwonsu ke gudu. Yana sa yawan fitsari da ƙishirwa, kuma sai ana duba hanta a kai a kai. Ka kuma bincika ko a danginku akwai wanda ya taɓa faɗuwa farat ɗaya da zubar jini a ƙwaƙwalwa, domin ciwon na iya zuwa da kumburin jijiyar jini a kai, kuma in akwai wannan tarihin ana yi wa masu ɗauke da shi hoton kai.

Batun yaranka kuwa, a dakata. In ka fita, sun fita, ba a taɓa su da allura ba. In ba ka fita ba, abin da yaro ke bukata shi ne a riƙa auna masa hawan jini, a duba fitsarinsa lokaci-lokaci. Yawancin likitoci ba sa gaggawar yi wa yaron da ba shi da wata alama gwajin gado a kan ciwon da sai ya girma zai bayyana. A bar shi ya kai hankalin da zai zaɓa da kansa. In yaro ya fara hawan jini, ko jini a fitsari, ko ciwon kwiɓi, lissafi ya canza.

Ranar da za ku je ganin likita, ka tafi da takarda ka zana gidanku tun daga kaka: wa ya haifi wa, wa ya yi ciwon ƙoda, a shekara nawa aka fara masa wanki, wa ya rasu da me, har waɗanda aka ce hawan jini ne ko kumburi. Ka haɗa da hotunan Baba da na Goggo. Sannan ka nemi a ɗebi jinin Baba yanzu, a ranar wankinsa ma ana iya yi, kuma ka roƙi Goggo ta yarda a ɗebi nata tare da nasa.